Awo da Amana a Hannun Mai Riƙe da Makami

Malaman tafsiri sun daɗe suna tsayawa a kan aya ta 11 ta Suratu Saba'i, inda aka umarci Annabi Dawuda (AS) da ya kiyaye awo wajen saƙar sulke, wato rigar ƙarfe ta yaƙi, kuma an ruwaito daga Mujahid cewa abin nufi shi ne kada ƙusa ta sirance har ta riƙa lilo a cikin zobe, kada kuma ta yi kaurin da za ta tsaga shi. Tambayar da ke tasowa daga nan ita ce ko wannan umarni na kyautata ƙira ya game bindiga, tun da sulke rai yake karewa, bindiga kuwa an ƙera ta ne don ta ɗauke shi.

Libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai ganga da ke juyawa, wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a 1836, ta fi kowace bayyana matsalar, domin harsashinta yana ratsa wurare biyu kafin ya fita. Na farko shi ne maƙogwaro, ƙarshen kowane rami na gangar, na biyu kuma bututu, wanda aka zana wa tsagogi a ciki domin su murɗa harsashi ya tafi kai tsaye. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce maƙogwaro ya yi daidai da faɗin bututu daga tsagi zuwa tsagi ko ya ɗara shi da kamar inci 0.001, sannan a zaɓi harsashin dalma da zai cika maƙogwaron. In maƙogwaro ya fi bututu matsewa, yakan tsuke harsashin ya shiga bututu a sake, iskar albarushi mai zafi ta kurɗa ta gefensa, ta narkar da dalmar ta shafe ta a bango, harbi kuma ya riƙa kaucewa. Sunan da aka buga a jikin bindiga ba ya wadatarwa, gama libarba mai lamba 45 ta Colt an ƙera bututunta da faɗin inci 0.454 daga tsagi zuwa tsagi kafin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya aka rage zuwa wajen 0.452, shi ya sa mai lura yakan tura dunƙulen dalma mai laushi ta cikin bututu ya auna shi da kansa.

A nan ne awo ke zama batun hukunci, domin harsashin da ya kauce ba ya ɓacewa, wani jiki yake samu, sau da yawa na wanda bai ji ba bai gani ba. Hadisin Shaddad bn Aus da ke cikin Sahihu Muslim ya kai wajabcin kyautatawa har ga yanka, inda ya nemi a wasa wuƙa a hutar da dabba, kuma wanda aka hana shi sakaci da wuyan rago ba shi da uzurin sakaci da makamin da zai ɗaga a tsakiyar mutane. Sai dai ƙwarewa ba ta wanke niyya. Waɗanda suka yi wa manoman shinkafa yankan rago a ƙauyen Koshebe ranar 28 ga Nuwamba 2020, aka yi jana'izar 43 daga cikinsu washegari a Zabarmari, cikin ƙaramar hukumar Jere, tare da Gwamna Babagana Umara Zulum, ba su rasa kaifin wuƙa ba.

Abin da ya fi nauyi a Zabarmari shi ne halin maharba da 'yan ƙato-da-gora da ke taimaka wa jami'an tsaro wajen raka manoma fadama. Da yawa daga cikin maharban, bindigar toka suke saɓawa, ƙirar maƙera, wadda bututunta sumul yake babu tsagi, kuma da ido ake ƙiyasta albarushin da za a ɗura mata, ta yadda in ya yi yawa bututun na iya fashewa a hannun mai ita. Mutumin da ya sayar da ransa don maƙwabtansa su girbe shinkafa ba shi ne abin zargi ba. Nauyin awon yana komawa kan hukumar da ta amince ya tsaya a wannan matsayi, ita ce ya wajaba ta duba makaminsa, ta horar da shi, ta kuma san irin harsashin da ke cikin jakarsa kafin ta bar shi ya shiga gaban manoma.