Tsakanin Dabara da Wayo

A wasan Limbo, wanda kamfanin Playdead na ƙasar Denmak ya fitar a 2010, ana tafiya da wani yaro cikin duhu, ba makami, ba mai yi masa bayani. Akwai wurin da ruwa ke tasowa, yaron kuma bai iya iyo ba. Sai mai wasa ya lura akwati na tasowa tare da ruwan. In ya ɗora yaron a kai, ruwan da zai hallaka shi ne zai ɗaga shi ya tsira. Mu masu rubuta manhaja mun san abin da ke ƙarƙashin wannan: lissafin nauyi da motsi ne, kwamfuta tana ta maimaita shi, ba ta sassauta wa kowa. Duk hanyar da ka ɓullo da ita karɓaɓɓiya ce, muddin ba ta saɓa wa lissafin ba.

Maginan cikin birnin Kano sun daɗe suna irin wannan wasa da laka. Azarar da ake tsagowa daga giginya gara ba ta cinta, amma in tazara ta wuce kamar mita biyu sai ta lanƙwasa saboda nauyin rufi. Maginan ba su yi jayayya da ita ba. Suka riƙa jera ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana lulluɓewa da laka, har bakan gizo ya haɗu a sama, aka sami faffaɗan soro irin na Gidan Rumfa da Gidan Makama. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini kuwa suka zama kududdufai masu tare ruwan damina. Wannan ita ce dabara.

Wayo yana kama da ita, shi ya sa muke ruɗewa. Yau muna cike kududdufi da shara, mu yanka filoti, mu yi gini a kai. Muna gutsurar ganuwar da aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu, shekara wajen 900 da suka wuce, mu kafa shago. Muna da hujja kuwa: birni ya cika, mutane na neman wurin zama da na sana'a. Sai dai ruwan da kududdufin yake riƙewa bai daina sauka ba. Idan Agusta ta zo, zauren maƙwabci zai nufa, ya jiƙa gindin katanga, katangar ta faɗa wa masu barci.

A wasa, in yaron ya nutse, sai a danna a sake, kuma shi kaɗai ya nutse. A lungunanmu ba a sakewa, kuma sau da yawa wanda katangar ta danne ba shi ya cike kududdufin ba. Saboda haka, kafin mu kira wani mai basira don ya sama wa kansa mafita, mu fara tambaya: nauyin da ya sauke, a kan wa ya sauka?