Mutum Na Ƙarshe A Cikin Jirgi

Mu mutanen Birnin Zazzau mutanen tudu ne. Yaro ya kan girma a cikin ganuwa, ya san hanyar Ƙofar Doka da ta Ƙofar Gayan, ya hau Kufena ya sauko, amma bai taɓa sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba. Kubanni bisa gada mu ke ƙetare ta, ko duban ƙasa ba mu yi. Duk da haka fatauci da aiki da biki su kan kai mu Yawuri, ko Jabba, ko Lakwaja. Har a nan kusa ma akwai ƙauyuka a bakin Galma, inda in damina ta yi nisa ba a isa sai da fito. A mashigi ne baƙon ruwa ya kan nuna baƙuncinsa, wani lokaci kuwa da ransa da na waɗansu ya ke biya.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A wata damina na tafi gaishe da wani ɗan'uwa marar lafiya a hayin gulbi. Ranar kasuwa ce. Muka shiga jirgi, maza da mata da buhuna da akuya biyu, har ya cika. Mai fito, wani saurayi ne, ya sa gora zai tura, sai ga wani dattijo yana sauri, yaronsa na biye da buhu a ka. Ya ce, "Ɗana, tsaya mini, ni kaɗai ne." Saurayin ya rusuna ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ya cika. Yanzu zan komo in ɗauke ka." Nan da nan jirgi ya ɗauki surutu. Wannan ya ce, "Kai yaro, ba ka da kunya?" Wancan ya ce, "Sa'an ubanka ne fa!" Ni ma, ba zan ɓoye ba, na sa baki na ce mutum ɗaya me zai ƙara? Saurayin ya sunkuyar da kai, ya ɗauki dattijo da yaro da buhu. Da muka kai tsakiya na dubi gefe, na ga tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi yatsa uku ba. Wata mace tana ta kwarfar ruwa da ƙwarya, ba mai magana. Muka isa lafiya, kowa ya yi dariya ya kama hanyarsa.

Tun daga ran nan tambaya guda ta ƙi barina. Da jirgin nan ya nutse, alhakin yana wuyan wa?

Amsa mai sauƙi ita ce, na dattijon ne, gama shi ne ya shiga ƙarshe. Amma ku duba da kyau. Ruwa bai san wanda ya riga wani ba. Nauyin wanda ya fara shiga da na wanda ya zo ƙarshe duka ɗaya su ke danna jirgi. Da an fitar da ni, na biyar, da jirgin ya taso daidai kamar an fitar da dattijon. In nauyi ne laifi, to, dukanmu mun yi tarayya, kowa gwargwadon jikinsa da kayansa. Wannan kuwa ba ya shiga hankali, domin wanda ya shiga jirgi wofi da safe bai yi kome ba sai abin da aka sassaƙa jirgi dominsa.

Ashe ba nauyi alhaki ya ke bi ba, sani ya ke bi, da iko. Na fari ya ga wuri ya zauna. Na ƙarshe ya ga babu wuri, aka kuma faɗa masa, ya shiga. Wannan bambanci ne na gaske, kuma dattijon ba zai kuɓuta sarai ba. Amma in sani ne ma'auni, wa ya fi kowa sani? Mai fito. Shi ya san jirginsa, ya san inda igiyar ruwa ta ke da ƙarfi, ya san kututturen da ke kwance a ƙasa. Don haka mutane da yawa su kan ce, a kama matuƙi, magana ta ƙare. In hatsari ya auku shi a kan fara nema, in ya tsira.

A nan ne zuciyata ba ta kwanta ba. Saurayin nan ya faɗi gaskiya, ya faɗe ta da ladabi kuma. Mu ne muka danne ta. Shi ne mafi sani a cikinmu, shi ne kuma mafi ƙanƙanta, talaka mai cin abinci bisa ga yawan kawunan da ya ƙetarar, wanda gobe ma zai tsaya a wurin nan gaban mutanen nan. Muka ɗauki kunya, wadda aka koya masa tun yana goye, muka ɗaure masa hannu da ita. Ban ce ba shi da laifi ba. Wanda aka ba amanar rayuka ya kamata ya iya jure zagi. Amma wanda ya ɗaure mutum sa'an nan ya ce don me bai yi gudu ba, shi ma sai a tambaye shi.

Wani zai ce, "Malam, kana so mu yar da girmama manya saboda tsoron ruwa?" Ko kaɗan. Girmama na gaba yana cikin mafi kyaun abin da muka gada. Amma akwai hanyar da za a girmama dattijon nan ba tare da an jefa kowa cikin hatsari ba, ba wanda ya bi ta. Samari sun fi biyar a jirgin. Ni kaina ba wata gaggawa na ke yi ba, marar lafiyan ba bakin mutuwa ya ke ba. Da ɗayanmu ya miƙe tun jirgi na gaɓa ya ce, "Baba, zo ka zauna a wurina, ni na jira," da an gama. Wannan ladabi zai ci mana rabin sa'a a tsaye cikin taɓo. Wanda muka zaɓa bai ci mana kome ba sai yawun baki, kuɗinsa kuwa a kan wuyan 'ya'yan da ke bayan uwayensu muka ɗora shi. Kyauta muka yi da abin da ba namu ba.

Kada mai karatu ya ce ina kumbura ƙaramin abu. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ya taso daga jihar Neja za shi Wara, a ƙasar Ngaski ta jihar Kabi, da mutum fiye da 150 da kaya. Ya tsage a Kwara, waɗanda aka ceto kuwa kamar 20 ne kaɗai. A ƙarshen Nuwamba na shekaran nan, a madatsar Watari ta Bagwai cikin jihar Kano, jirgi ya kife da masu zuwa Mauludi daga Badau, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ne 'yan makaranta. A Yuni 2023 kuma, a wajen Fategi, fiye da mutum 100 masu komowa daga biki da dare suka halaka. Ban san abin da aka faɗa a gaɓa kafin ko wane ɗayansu ya tashi ba, amma na san irin maganar da a kan yi a gaɓa, gama na yi ta da bakina.

A kan ce kwana ne ya ƙare. Mai faɗin haka kuwa ya kan kulle ƙofarsa da dare, ya kan kuma ɗaure akuyarsa. Wata magana ta fi wannan nauyi, ita ce ta talauci. Jirgi ɗaya ne, kasuwa sau ɗaya ta ke ci a mako, rana tana faɗuwa, gada babu. Wanda aka bari a gaɓa wataƙila cinikin mako ya rasa. Wannan gaskiya ne, kuma ba wa'azin ladabi zai gina gada ko ya sayi jirgi na biyu ba. Akwai rabon hukuma a ciki. Hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Amma mashigai sun fi ma'aikata yawa nesa ba kusa ba. A yawancinsu dokar da ke aiki ita ce bakin waɗanda ke tsaye a wurin.

Turawa ma sun sha wannan wahala. A Ingila masu jiragen teku su kan labta kaya fiye da kima, jirage suna nutsewa da ma'aikata, har wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya tsaya kai da fata. A 1876 aka yi doka a zana layi a jikin jirgi, in ruwa ya rufe shi an yi laifi. Har yau jiragen teku suna ɗauke da shi. Amfanin layin nan, a ganina, shi ne ya cire magana daga bakin matuƙi. Ba yaro ne ya hana dattijo ba, layi ne, kowa kuwa yana ganinsa.

Sauran kurakuran baƙon ruwa ƙanana ne, amma daga su a kan fara. Mu kan danna ciki tun masu fita ba su fita ba, jirgi yana tangaɗi. Mu kan tsaya cinikin kuɗin fito ƙafa ɗaya a jirgi ɗaya a ƙasa, maimakon a gama a tudu. Mai jirgi ya kan ɗaure nasa daidai bakin mashigi ya tafi kasuwa, na baya ya rasa inda zai tsaya, ya sauke tsofaffi cikin ruwa har gwiwa. In mai fito ya ce koma can, mu kan ɗauka raini ne, alhali nauyi ya ke daidaitawa. Mafi muni duka, in jirgi ya karkata mu kan miƙe tsaye, mu ruga gefe guda gaba ɗaya, abin da ke kifar da jirgi ke nan ko bai cika ba. Rigar ruwa kuwa, inda a ke ba da ita, na ga babban mutum ya ƙi sawa don kada ta ɓata masa riga.

Kashegari da sassafe na komo mashigin nan, mu uku ne kaɗai. Na ce wa saurayin, "Samari, jiya ban kyauta maka ba." Ya yi murmushi ya ce, "Ba kome, Malam." Da muka yi nisa kaɗan ya nuna mini wata tsaga a jikin jirgin, kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki. Ya ce mahaifinsa ne ya sare ta da gizago shekarar da aka sassaƙa jirgin, ya ce masa in ruwa ya taɓa ta kada ya ƙara ko kaza. Na tambaye shi ina ta ke jiya sa'ad da dattijon ya zo. Ya ce tun kafin in shiga ta nutse.