Tattali Ko Rowa? Wutar Jin Ɗumi A Lokacin Hunturu



Duk shekara daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan taso daga Sahara ta lulluɓe ƙasar Hausa da hazo da ƙura. A Kano da kewayenta sanyin asuba a watan Disamba da Janairu kan sauko zuwa digiri 13, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ɗakunanmu kuwa don zafi aka gina su. Gara ma ɗakin soro, jikinsa na ƙasa yakan sha rana ya riƙe ɗumi har cikin dare. Shi kuwa ɗakin kwano da babu silin, da rana ta faɗi sai ya koma tamkar randa.

A gari irin Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, lamarin ya fi tsanani, domin gona ce manne da gona, ana noma kowacce duk shekara, babu wani daji da mace za ta tura yara su yo kirare. Makamashin gida bai wuce karan dawa da na gero ba, sai rassan da maigida ya sassaro daga itatuwan gonarsa, sai kuma itace ko gawayin saye. Shi ma karan ba na wuta kaɗai ba ne, da shi ake danga, dabbobi kuma suna jiran ganyensa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, duk abin da mota ke kawowa ya bi shi, har da itace da gawayi.

To, a nan ne uwargida ke tsintar kanta tsakanin abu biyu. In ta saki hannu, karan da ya kamata ya kai ta bazara sai ya ƙare tun sanyi bai wuce ba. In ta damƙe, yara su kwana suna tari. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Furƙan aya ta 67, ya yabi bayin Allah da cewa ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙwauro, suna tsayawa a tsakani. Kowa ta yarda da wannan. Tambayar ita ce, ina tsakanin yake? Yaya mace za ta gane ko abin da take yi tattali ne, ko kuwa rowa ce ta yafa mayafin tattali?

A ganina ma'aunin ba ya wuce wannan: idan kin rage wuta, wa ke jin sanyin? Domin duk itacen da aka adana, akwai jikin da ya biya kuɗinsa. Idan ke ce kika haƙura da ruwan ɗumi kika bar wa jariri da tsohuwa, wannan tattali ne, har da lada a kai. Idan kowa a gidan ya ɗan taɓa sanyin daidai ƙarfin jikinsa, shi ma tattali ne. Amma in aka wayi gari kasko na ci a ɗakinki, 'ya'yan cikinki na lulluɓe da bargo, 'yar riƙo kuwa tana bakin rijiya da asuba tana wanke-wanke da ruwa mai kamar ƙanƙara, hannunta duk ya tsattsage, wallahi 'yar'uwa wannan rowa ce tsagwaronta. Kin ɗauki nauyin talaucin gidan ne kacokan kin ɗora wa wadda ba ta da bakin magana. Haka nan agola, haka nan almajirin da ke yi miki aike, haka nan surukar da tsufa ya mayar da ita ƙuryar ɗaki ba ta son ta cika roƙo.

Wata za ta ce, ai Malama ba ki san halin da ake ciki ba, wanda bai da na tuwo ina ya ga na jin ɗumi? Gaskiya ne, babu ta fi ƙarfin wasa, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Sai dai ma'aunin da na faɗa bai tambayi yawan abin da kike da shi ba. Yana tambayar yadda kika raba shi ne. Bargo ɗaya ma ana iya yin adalci a kansa, kuma ana iya zalunci da guda goma.

Akwai kuma tattalin da asara ce a ɓoye. Babba a ciki shi ne shigar da kaskon gawayi ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a toshe kowace kafa da tsumma don kada ɗumin ya fita. Gawayi idan yana ci a inda iska ba ta wadata ba yakan fitar da wata iskar guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mutum zai fara jin ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Ƙananan yara da masu juna biyu su suka fi saurin cutuwa. In an ga alamun nan a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ɗakin, a garzaya asibiti. Ga kuma gobara, a lokacin da zana da danga da tufafi duk sun bushe ƙayau, iska na kaɗawa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa cikin dare a Madina, sai Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a riƙa kashe wuta idan za a kwanta barci. Don haka a ɗumama ɗaki tun da magariba da taga a ɗan buɗe, a fitar da kaskon a kashe shi kafin a kwanta.

Hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba don a huta da sayen kananzir shi ma cuta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da yara su suka fi shaƙarsa, tunda su ke zaune a gindin murhu. Abin da kika adana a kan itace yau, kina iya biyan ninkinsa gobe a kan maganin tari da ciwon haƙarƙari.

Sai kuma matsa wa maigida ya sare itaciyar gona tun daga tushe don a huta da saye. Iyayenmu a karkarar Kano rassa suke sassarewa su bar uwar, shi ya sa har yau ake ganin ɗorawa da tsamiya da kuka tsaye cikin gonaki. Dubi gawo: da damina yake zubar da ganyensa, ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki. Wanda ya kayar da shi don ɗumin wata biyu ya ci bashi ne da sunan jikokinsa.

Tanadin makamashi da tufafin sanyi yana cikin ciyarwar da ke wuyan miji, gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Namu shi ne mu tuna masa da wuri, tun lokacin kaka da kara ke da yawa, rigunan sanyi na gwanjo ba su yi tsada ba, maimakon mu yi shiru sai jaura ta kankama a hau gori. Inda kuma ake da abokan zama, a ji tsoron Allah. Sau nawa ake hura murhu biyu ko uku a tsakar gida ɗaya, kowacce na dafa ruwan 'ya'yanta, alhali tukunya ɗaya babba ta ishi kowa? Itacen da kishi ke cinyewa a wasu gidaje ya fi wanda girki ke ci.

Dabaru kuwa ba su da tsada. Da an sauke tuwon dare a ɗora tukunyar ruwa a kan garwashin, a rufe ta. A kare murhu daga iska, ko a kewaye shi da laka, zai rage cin itace. Wake a jiƙa shi kafin a ɗora. A shimfiɗa buhu ko kwali a ƙarƙashin tabarma, domin ta ƙasa sanyi ya fi shiga jiki. Yara a sa musu hula da safa, a yi musu wanka da hantsi idan rana ta fito, a shafa musu man kaɗanya. Kunu mai zafi da safe shi ma mayafi ne.

Kada kuma mu manta da waɗanda ke bayan katanga. A da yarinya kan ɗauki kasko ta shiga maƙwabta ta ɗebo wuta, babu mai hana ta, kuma wutar gidan ba ta raguwa. Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ya sanya wuta, tare da ruwa da ciyawa, cikin abubuwan da Musulmi ke tarayya a kansu. Tsohuwar rigar sanyin da ta yi wa ɗanki kaɗan, tana ƙasan akwati asu na ci, akwai yaron da ke kwana a zaure yana rawar ɗari da ba shi da kamarta. Ɗaurin kara ɗaya da za ki aika wa bazawarar da ke riƙe da marayu ba zai talauta ki ba.

Saboda haka kafin ki kwanta yau, ki zaga gidanki ki duba: wa ya fi kowa nisa da ɗumi, kuma me ya sa shi ne? Allah Ya ba mu ikon yin adalci a cikin gidajenmu, Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, Ya yalwata wa mazajenmu hanyar halal. Amin.