GYARAN TAWAYAR JARIRI BA CANZA HALITTAR ALLAH BA NE

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah wanda ya ke siffanta bayinsa a cikin mahaifa yadda ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wani tsohon ɗalibina daga ƙasar Maiyama ya zo mini da tambaya. An haifa masa ɗa da tsagaggen leɓe, nono ba ya zama a bakinsa, kullum sai rama ya ke yi. Dattawan gida sun ce a bar shi haka, wai ɗinke leɓen jayayya ce da Mahalicci. Waɗansu mata kuma suna raɗa cewa ɗan ruwa ne. Saboda irin wannan ya yawaita a Jega da Aliero da Maiyama, na ga ya kamata in ba da amsa a wannan fili.

Da farko, zancen ɗan ruwa camfi ne, ba shi da tushe a shari'a. Jaririn da ya zo da tsagewar leɓe ko ganɗa, ko murɗaɗɗiyar ƙafa, ko ruwa a ka, ɗan Adam ne cikakke, yana da haƙƙin suna, da shayarwa, da gado, da magani. Ku tuna an saukar da farkon Suratu Abasa ne saboda Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, wanda Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya riƙa bar wa riƙon Madina in zai fita yaƙi. Ɗora wa uwa laifi kuwa zalunci ne a kan ɗawainiyar da ta ke ciki.

Na biyu, canza halittar da Suratun Nisa'i ta hana shi ne wanda a ke yi don bin son zuciya ko yaudara. Kawar da cuta daban ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin Arfajatu ɗan As'ad a wani yaƙi na jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi ya umurce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Haka kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta halatta aikin gyaran tawayar haihuwa, har ta ambaci tsagewar leɓe da sunanta. Likitan nan na Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin aikin ruwan kan jarirai a littafinsa Attasrif. A nan gida ma Shehu Abdullahi na Gwandu ya wallafa Masalihul Insan, inda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki. Mutanen Aliero, da su ka yi suna wajen ɗori, ai ba wanda ya taɓa ce musu suna jayayya da ƙaddara.

Na uku, jinkiri shi ne babbar ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 240,000 ne ke mutuwa kowace shekara cikin kwana 28 na farko saboda tawayar haihuwa. Ana ɗinke leɓe tun yaro yana ɗan wata 3 zuwa 6. Ana miƙe murɗaɗɗiyar ƙafa da filasta mako-mako tun ƙashi yana ɗanye, don icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ruwan kai kuwa in ya daɗe yana danne ƙwaƙwalwa. Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ya daɗe yana gyaran fuskokin yara kyauta, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da cibiyar aikin ƙwaƙwalwa. Amma likita ba ya yi wa ramammen yaro aiki sai ya murmure, shi ya sa cibiyar kula da yara masu tamowa da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe a Maiyama a 2022 ta zama rahama.

To, ina matsalar ta ke? Ko inda aiki ya ke kyauta, hanya ba kyauta ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya ninka, kuma hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Magidancin da ke neman tiyar gero ta yau, ina zai sami kuɗin zuwa Sakkwato da guzurin jinya na makonni? Nan ne nauyi ya faɗo kanmu. Ceton rai farilla ce ta kifaya: in waɗansu sun yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya ƙi, gari duka ya yi laifi. Abin kunya ne baƙi su ƙetaro teku don 'ya'yanmu, mu kuwa mu kasa biyan kuɗin mota.

Ya ku manoman shinkafa, ushirin da ku ke fitarwa, ko rabinsa ga mai ban ruwa da inji, mahaifin irin wannan yaro in matalauci ne yana cikin masu haƙƙinsa. Ya ku masu albasa na Aliero, gaskiya ne a mazhabar Imamu Malik ba a fitar da zakka daga albasa ita kanta, amma kuɗinta in ya kai nisabi, shekara ta kewayo, zakka ta wajaba. Ya ku 'yan kasuwar Jega da direbobi, kujera ɗaya a mota sadaka ce mai nauyi a mizani. Limamai su buɗe asusu a kowane masallacin Juma'a a hannun amintattu. Magidanta su bar matansu su je awo, su sha ƙwayar folik asid tun kafin shigar ciki, domin tana rage tawayar ƙashin baya da ta kai.

Shi kuwa ɗalibina na ce masa ya ɗauki ɗansa ya kama hanya, ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya yi tawakkali.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yaye mana wannan ƙunci, ya sa mu cika da imani, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.