Ɗaurarren da Ba Ya Ƙirga Kwana

Duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwansa abinci gidan yari ya san ɗaurarru ba ɗaya suke ba. Wanda alƙali ya yanke wa shekara goma yana da abin ƙirgawa. Kowace Sallah ta wuce, ya san ya rage ɗaya, matarsa ma ta san me za ta ce wa yara idan sun tambaya. Mai jiran shari'a bai san ranar fitarsa ba, amma ya san abin da ake tuhumarsa da shi, kuma akwai ranar da za a kira sunansa a gaban kotu. Sai kuma mutum na uku, wanda soja ke riƙe da shi bisa zargin ta'addanci, babu takardar tuhuma, babu ranar shari'a, sai dai lokaci-lokaci wani kwamiti ya zauna ya duba ko ya dace a ci gaba da riƙe shi. A kan wannan mutum muke so mu yi tunani: shin ya halatta a tsare ɗan Adam saboda abin da ake tsoron zai aikata gobe? In ya halatta, zaman kwamitin yana iya maye gurbin shari'a?

Inda aka fi gwada wannan tsari a idon duniya shi ne Gwantanamo, sansanin sojan ruwan Amurka da ke tsibirin Kyuba. An kai mutum 20 na farko ranar 11 ga Janairun 2002, wata huɗu bayan harin 11 ga Satumba. Jimillar waɗanda aka tsare a can ta kai kusan 780, kuma mafi yawansu sun fita ba tare da an taɓa tuhumarsu da wani laifi ba.

Adalci ne mu fara da hujjar masu tsarewa, domin tana da nauyi. Suna cewa yaƙi ake yi, kuma tun fil'azal wanda aka kama a fagen fama ana riƙe shi ne don kada ya koma ya ɗauki makami, ko da bai yi wani laifi ba. Yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta amince da haka. Suna ƙara da cewa babu ɗan sandan da zai tattara shaida a tsaunukan Afganistan yayin da ake ruwan wuta, kuma wasu bayanan in aka karanta su a kotu, ran wanda ya kawo su yana cikin haɗari. Suna da misali kuma. Sa'id al-Shihri ya bar Gwantanamo a 2007 aka mayar da shi Saudiyya, daga baya ya ɓulla a Yaman a matsayin mataimakin shugaban reshen al-Ƙa'ida na can. Uwar da bam ya cinye ɗanta a kasuwa ba za ta ji daɗin wa'azinmu kan haƙƙin wanda ake zargi ba, kuma ba mu da bakin ganin laifinta. Rigakafi ya fi magani, in ji su.

Sai dai yarjejeniyar da suka dogara da ita ta zo da sharaɗi: da zarar an daina faɗa, a saki fursunonin yaƙi ba tare da jinkiri ba. Sojan Jamus da aka kama a 1943 sanye yake da kaki, babu gardama kan ko shi wane ne, kuma yaƙinsa yana da ranar ƙarewa. Yaƙi da ta'addanci ba shi da kaki, ba shi kuma da teburin da za a zauna a sa hannu a ce an gama. Da yawa daga cikin mutanen Gwantanamo ba sojan Amurka ne suka kama su a fagen daga ba, wasu ne suka miƙa su a Pakistan da Afganistan a lokacin da ake yayata tukuicin kuɗi ga duk wanda ya kawo ɗan ta'adda. Idan babu tabbas kan wanda aka kama, babu kuma ranar ƙarshen yaƙi, tsarewar wucin gadi ta zama ɗaurin rai da rai ga mutumin da wataƙila makwabcinsa ne ya sayar da shi.

Don toshe wannan ɓaraka aka ƙirƙiro bita. A watan Yunin 2004 Kotun Ƙolin Amurka ta ce kotunan ƙasar suna da hurumin sauraron ƙorafin mutanen Gwantanamo, sai ma'aikatar tsaro ta yi maza ta kafa kwamitocin tantance matsayi. Hafsoshi uku ne ke zama. Ɗaurarre ba shi da lauya, sai wani hafsa da aka ba shi a matsayin wakili, wanda ba a ɗora masa riƙe sirrinsa ba. Muhimman shaidu na sirri ne, ba a nuna masa, kuma ƙa'ida ta ce a ɗauki shaidar gwamnati a matsayin gaskiya har sai ya rushe ta. Cikin mutum 558 da aka duba, 38 kawai aka ce a cire daga jerin mayaƙa. A 2007 wani hafsa da ya zauna a irin wannan kwamiti, Laftanar Kanar Stephen Abraham, ya rubuta wa kotu cewa abin da aka kawo musu da sunan shaida bai kai a kira shi shaida ba. A 2008 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 kan 4, ta ce waɗannan kwamitoci ba su isa su maye gurbin alƙali ba. Mai ƙarar, Lakhdar Boumediene ɗan Aljeriya, kotun Bosniya ta riga ta ba da umarnin sakinsa tun Janairun 2002. Da alƙalin Amurka ya duba shaidar a ƙarshen 2008, shi ma cewa ya yi a sake shi. Shekara bakwai ta tafi.

A zamanin Obama an sauya tambayar. Kwamitin da ya kafa ya ware mutum 48 da aka ce sakinsu haɗari ne, gurfanar da su kuma ba zai yiwu ba. A 2011 aka kafa hukumar bita ta lokaci-lokaci, ta fara zama a 2013. Ita ba ta binciken ko mutum ya yi laifi, abin da take dubawa shi ne ko har yanzu barazana ne. A nan ne muke ganin ainihin matsalar. Wanda aka ce ya yi sata ranar Talata yana iya kawo shaidu cewa ranar yana Zariya. Wanda aka ce zai yi kisa baɗi, wa zai kira ya tsaya masa? Mutumin da aka riƙe shekara goma babu tuhuma, in ya nuna fushi a gaban hukumar sai a ce ga alamar haɗari, in ya ce bai yi komai ba sai a ce bai yi nadama ba. Tsarewar da kanta ce take haifar da hujjar ci gaba da tsarewa.

Akwai kuma wani karkaci da ba ya buƙatar mugun mutum kafin ya yi aiki. Jami'in da ya sa hannu aka saki wani, in wannan ya je ya yi ɓarna, sunan jami'in zai fito a jarida. In kuwa ya ƙi sa hannu, marar laifi ya tsufa a kurkuku, babu wanda zai kira shi ya yi bayani. Kuskure ɗaya yana da amo, ɗayan shiru yake, don haka ko mutumin kirki ne a kan kujerar, hannunsa zai fi saurin rufe fayil. Shi ya sa ba a barin mai gadi ya zama alƙalin wanda yake gadi. Adnan Latif ɗan Yaman ya ga haka. Hukumomin Amurka da kansu sun amince a fitar da shi, alƙali ya ba da umarnin sakinsa a 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2011. Tun farkon 2010 kuma an dakatar da mayar da 'yan Yaman gida, bayan yunƙurin Umar Faruk Abdulmutallab na tayar da bam a jirgin da ya nufi Detroit. A Satumbar 2012 aka tarar da gawar Latif a ɗakinsa.

Kada mu ɗauka labarin wani tsibiri ne mai nisa. Sunan barikin Giwa a Maiduguri ba baƙo ba ne a kunnenmu, haka ma matan Knifar da suka shafe shekaru suna tambayar inda mazajensu suke. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a Kainji a Oktoban 2017, an samu mutum 45 da laifi, aka sallami 468. Mu da muka binne 'yan'uwa saboda ta'addanci mun fi kowa son a kama masu yi, kuma mu ne muka fi kowa sanin yadda ake ɗebe samarin unguwa baki ɗaya bayan an kai hari.

Ba ma cewa a hana soja riƙe wanda ya kama da bindiga a hannu. Abin da muke cewa shi ne riƙon ya zo da wa'adi, wanda zai duba shi ya kasance alƙalin da ba ya karɓar umarni daga mai riƙon, a gaya wa mutum abin da ake zarginsa da shi gwargwadon yadda zai iya kare kansa, kuma nauyin kawo hujja ya zauna kan mai da'awa, yana ƙaruwa da kowace shekara. Zaton da ya isa a riƙe mutum mako ɗaya bai isa a riƙe shi shekara biyar ba. Mun yarda cewa a irin wannan tsari wata rana za a saki wanda zai cutar da mu. Wannan farashi ne na gaske, amma mun riga mun yarda da biyansa a kan ɗan fashi da mai kisan kai, waɗanda kotu ke saki in shaida ta gaza.

Saura abu ɗaya da bita ba ta bayarwa. Mutum 38 ɗin nan, takardarsu cewa ta yi yanzu ba mayaƙa ba ne, kamar dai da can sun kasance. Muhammadu Wuld Salahi ya koma Muritaniya a Oktoban 2016 bayan shekara 14 babu tuhuma, kuma abin da hukumar ta ce shi ne riƙe shi bai zama dole ba. Mun taso muna jin ƙissar Annabi Yusuf, wanda aka jefa kurkuku ba da shari'a ba, aka manta da shi shekaru. Da sarki ya aiko a fito da shi, bai ruga ƙofa ba, ya nemi a fara binciken zargin da aka yi masa tukuna. Wanda aka sallama daga Giwa ko Gwantanamo zai koma unguwar da za a riƙa nuna shi da baki, zai nemi aiki, zai nemi aure ko ya aurar da 'ya. Idan hukuma ta riƙe shi bisa kuskure, buɗe masa ƙofa rabin bashin ne. Sauran shi ne ta faɗa a bainar jama'a cewa ba ta same shi da laifi ba, ta kuma biya shi diyyar shekarun da ta cinye masa.