Ina Mazaunin Sauti? Tambayar da Jeren Lasifika Ke Tayarwa

Tsarin sautin kewaye da ake kira 5.1, wato lasifika biyar haɗe da ta shida mai fitar da amo mai kauri, yana da ƙa'idar jerawa wadda hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta shimfiɗa: ɗaya a tsakiya daidai da allon talabijin, biyu a gaba ta hagu da dama a kusurwar digiri 30 daga mai sauraro, biyu kuma a gefe ta ɗan baya, wajen digiri 110. Ta shidan ba a cika tsananta wurinta ba, saboda kunne ba ya gane inda amo mai kauri sosai yake fitowa.

Abin nazari yana bayyana ne idan aka kashe ta tsakiyar, aka bar na gaba biyu suna fitar da murya ɗaya da ƙarfi ɗaya, domin a lokacin wanda ya zauna daidai tsakaninsu zai rantse cewa muryar daga allon take fitowa, alhali babu abin da ke motsa iska a wurin. A kan wannan ne injiniyan Ingila Alan Blumlein ya gina tsarin sitiriyo a 1931. Dalilin wannan ruɗu kuwa shi ne sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, yana riga isa kunnen da ya fi kusa da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kuma da wannan 'yar tazara da bambancin ƙarfi ƙwaƙwalwa ke yanke hukuncin inda abu yake. Idan kunnuwan biyu suka kawo labari iri ɗaya, sai ta ce a tsakiya yake.

To, a ina sautin yake ke nan: a lasifika, a iska, ko a cikin mai ji? Masanin falsafa John Locke ya sanya sauti cikin siffofin da ba su da kama da abin da ke haifar da su, shi kuwa Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya tuhumi mariskai, wato gaɓoɓin ji da gani, da misalin inuwa wadda ido ke gani a tsaye alhali tafiya take yi. Sai dai abin da ke faruwa a falon kallo bai goyi bayan mai shakkar komai ba. Ruɗun da kunne ke faɗawa cikinsa mai ƙa'ida ne, ana auna shi da igiyar awo, ana maimaita shi a kowane gida, kuma mashaidin da kuskurensa ke da tsari ba a kiransa maƙaryaci, gyara masa lissafi ake yi.

Ruɗun ma kujera ɗaya tak yake yi wa aiki sosai. Wanda ya gusa hagu da rabin mita zai ji muryar ta koma lasifikar hagu, domin kunne yana bin sautin da ya riga isowa, kamar yadda Helmut Haas ya bincika. Saboda sauran iyalin da ke zaune a gefe ne ake dasa lasifika ta zahiri a tsakiya.