Rinin Gashi a Gida: Kada Garin Gyaran Gira a Rasa Ido



Akwai wani ɗan kwali da ya shiga gidajenmu ya zauna daram, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi abin da ke cikinsa ba. Ina nufin rinin gashi mai araha, wanda muke kira dayis. Yana nan a kemis, a shagon kayan kwalliya, har a tiren 'yan talla. Magidanci ya ga furfura ta ɓullo masa a gemu, ya saya. Uwargida ta ga biki ya matso, ta aiki yaro ya sayo. Ban ga laifin mai neman sauƙi ba, ga halin rayuwa kowa yana gani. Kirana shi ne mu san abin da muke ɗorawa a kanmu, domin fatar kai ba ta da canji.

Dayis ba ɗan'uwan lalle ba ne. Lalle ganye ne, launinsa ja ko ruwan goro, kuma lalle zalla ba ya yin baƙi ko ya kwana a jiki. Shi kuwa rini mai daɗewa haɗin sinadarai ne, shi ya sa yakan zo gida biyu a haɗa. Ɗaya yana ɗauke da amoniya, mai warin nan da ke hawa kai, wadda ke buɗe bayan silin gashi. Ɗayan ruwan haidirojin ne, wanda ke kashe launin asali, ya kuma sa ƙwayoyin rinin su haɗu a cikin silin su yi girman da ba za su iya fita ba. Dalilin da ya sa wanki ba ya cire shi ke nan, kuma dalilin da ya sa gashin da aka yawaita wa rini yake bushewa yana karyewa.

Babban abin tsoron shi ne sinadarin da ke kawo baƙin, wanda ake taƙaita sunansa da PPD. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 na rinin da aka haɗa ba, kuma ana rubuta a kwali cewa ba a yi shi don 'yan ƙasa da shekara 16 ba. To garin rinin da ake ƙulla mana a leda, babu suna babu adireshi, wa ya auna nasa? Jiki yana iya jure PPD shekara da shekaru, rana ɗaya ya ƙi shi. Sai ƙaiƙayi, sai ƙuraje masu ruwa a goshi da bayan kunne, fuska ta kumbura har ido ya rufe. Kuma idan jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har ƙarshen rayuwa. Ku lura, masu ƙunshi: baƙin zanen da kuke yi wa amare da dayis a hannu da ƙafa yana daga cikin manyan hanyoyin da ke jawo wannan larura. Rinin da aka yi don gashi ba a yi shi don ya kwanta a fata ba.

Idan kuma ya shiga ciki, guba ce mai kisa. Likitocin Khartum a Sudan, inda ake haɗa shi da lalle kamar yadda muke yi, sun daɗe suna ba da rahoton waɗanda suka sha shi, har da ƙananan yara: wuya da harshe su kumbura, numfashi ya toshe, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta daina aiki. Babu wani magani na musamman da ke karya wannan guba. Uwa, ragowar dayis da kika bari a murfi a tsakar gida, mai rarrafe ba ya bambanta shi da abin lasa.

Masu shafa shi a gira da gashin ido, ku ji. A Amurka a 1933, wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata, kuma yana cikin abubuwan da suka sa aka kafa dokar sa ido kan kayan kwalliya a ƙasar a 1938. Abin da ya kashe musu ido shi ne wannan PPD ɗin da ke hannunmu yau.

Wanda ya ce lallai sai ya yi rini, ga abin da zai kiyaye. Ya sayi mai lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya karanta takardar da ke ciki. Ya gwada ɗan kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu, ya jira awa 48, kuma ya yi haka duk lokacin da zai yi rini, ko da irin wanda ya saba da shi ne. Ya sa safar hannu, ya zauna inda iska ke shiga. Kada ya wuce mintocin da aka rubuta, domin ƙarin lokaci ƙuna yake ƙarawa. Kada a shafa a kan da ke da ciwo ko ƙuraje. Mace kada ta haɗa man miƙar da gashi da dayis rana ɗaya, ta bari aƙalla mako biyu tsakani. Gashi yana tsiro kusan santimita ɗaya a wata, saboda haka sabon tsiron kawai za a taɓa, ba a sake rina kai duka ba. Idan fuska ta fara kumburi ko numfashi ya yi nauyi, a wanke da ruwa mai yawa a nufi asibiti nan take, kada a tsaya shafa manja ko jiran gari ya waye.

Sannan akwai maganar addini, wadda da yawa daga cikinmu ba mu nemi sani a kanta ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a canza launin amma a nisanci baƙi. Malamai sun yi saɓani kan baƙin rini, wasu sun ce haramun ne, wasu sun ce makaruhi. Abin da ba su yi saɓani a kansa ba shi ne haramcin yaudara, kamar mai neman aure ya ɓoye shekarunsa da dayis don a ba shi 'yar mutane. Lalle kuwa sunna ta zo da shi, ga shi a gonakinmu, ga araha.

Furfura ba aibi ba ce. Mu ne mutanen da ke tashi mu ba mai furfura wurin zama, mu kira shi Baba, mu kira ta Inna. Bai kamata mu wayi gari muna jin kunyar abin da muke girmama wasu saboda shi ba.

'Yan kasuwa, ku ji tsoron Allah, ku daina sayar da abin da ba ku san asalinsa ba. Masu kitso da masu ƙunshi, amana ce a hannunku, ku tambayi wadda ta zo ko rini ya taɓa yi mata illa. Iyaye, ku hana yara ƙanana dayis ko da ranar Sallah ce, ku kuma ɗaga shi inda hannunsu ba ya kaiwa. Malamai da ma'aikatan lafiya, ku sa wannan magana cikin wa'azi da faɗakarwa. Wanda ya karanta, ya isar wa na gida. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mu yi furfura cikin mutunci da imani.